Ɗakunan saba uku, kuɗin wuta ɗaya: nazarin wani kamfani a Sakkwato

Kamfanin ba babba ba ne. Hedikwatarsa tana Sakkwato, aikinsa kuma riƙe wa mutane bayanai: rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa na makarantun kuɗi, lissafin kaya na shagunan magani, da hada-hadar masu POS tun daga kasuwannin cikin gari har Illela. Duk wannan a kan manyan kwamfutocin da ma'aikata ke ce wa saba yake zaune, sabobin kuma a warwatse suke wuri uku. Akwai ɗaki a bayan ofishin Sakkwato, akwai wani a reshen Kano, sai kanta guda da aka kama haya a ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin bayanai na Legas. Ba zama aka yi aka tsara hakan ba. Da na Sakkwato aka fara, na Kano ya zo da buɗe reshe, na Legas kuwa dole ce ta sa, domin can NIBSS, mai sarrafa tura kuɗi tsakanin bankuna, da yawancin bankunan suke, can ne kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ke hawowa tudu.

A 2024 abubuwa uku suka haɗu wa kamfanin. A watan Afrilu hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar Band A, rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, wato kilowat ɗaya na awa ɗaya, daga abin da bai kai 70 ba. An sassauta zuwa 206.80 a watan Mayu, aka sake ɗagawa zuwa 209.50 a Yuli. Ɗakin Kano a kan irin wannan layi yake, mai alkawarin awa 20 a rana. Na Sakkwato yana Band C, mai awa 12, kuma ƙarin bai shafe shi ba. Man dizal da ya tashi tun 2022 bai sake komawa gidan jiya ba, har lita ta haura naira 1,500 a wurare da dama a farkon 2024, kafin matatar Dangote ta fara sayarwa ya ɗan sauko. Hayar Legas kuma da dala aka ƙulla ta, alhali dalar da ake canzawa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta wuce 1,500 kafin shekara ta zagayo.

Mai kamfanin, dattijo ne ɗan kasuwa da kowa ke ce wa Alhaji, ya ga takardar kuɗin wutar Kano ta ninka sau uku, sai ya kira injiniyansa.

"Malam, tunda wutar Kano ta yi tsada hakanga, mi ka hana mu kwaso komi mu maido nan gida?"

"Ranka shi daɗe, wutar nan gida arha gare ta in ta zo. Sauran awa sha biyun kau, gas mu ka ƙonawa."

Hajiya mai riƙe da lissafi ce ta zauna ta buga abin a takarda, kuma ya kamata mai karatu ya bi ta sannu, domin a nan gaba ɗayan lamarin yake. Janareta mai lafiya, in an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, yana ba da wajen yunit 3 daga litar dizal. A ƙaddara lita naira 1,200 ce, yunit ya kama 400, ba a sa kuɗin sabis da baƙin mai ba. A ƙaddara kuma wutar Band C naira 60 ce. A Sakkwato awa 12 a kan 60, awa 12 a kan 400, matsakaici ya tashi 230. A Kano awa 20 a kan 210, awa 4 a kan 400, ya tashi wajen 242. Kusan kunnen doki. Hajiya ta ce to babu riba a kwashe kaya daga nan zuwa can, kuma a lissafin wata tana da gaskiya.

Abin da lissafin wata ke ɓoyewa shi ne babu awa ɗaya da kamfanin ya taɓa sayen wuta a kan 230. Ko dai yana saye a kan 60, ko 210, ko 400. Da ƙarfe goma na dare, Sakkwato tana kan inji Kano tana kan layi, yunit ɗin Sakkwato ya kusa ninka na Kano. Da hantsi in an kawo wuta Sakkwato, na Kano ya ninka nata fiye da sau uku. Tambayar ba wane gari ne ya fi araha ba, wane gari ne ya fi araha a wannan awar.

Dabarar bin wuta mai araha

Injiniyan bai ƙirƙiro wannan tunani ba. A 2009 wasu masu bincike daga jami'o'in MIT da Carnegie Mellon da kamfanin Akamai, ciki har da Asfandyar Qureshi, sun nuna cewa a Amurka farashin sarin wuta yana canzawa kowace awa, kuma ba tare yake tashi da sauka a duk yankuna ba. Yana iya yin sama a wani yanki a daidai lokacin da ya faɗi a wani. Kamfanin da ke da cibiyoyi a wurare da yawa zai iya karkata aikin masu hulɗa da shi zuwa inda wuta ta fi sauƙi a lokacin, tunda kai wuta nesa yana da asara da tsada, aikin kwamfuta kuwa kafin ƙiftawar ido ya isa. Google ya ɗauki makamancin wannan: a 2020 ya fara jinkirta ayyukan da ba na gaggawa ba zuwa lokacin da wutar rana da ta iska suka yawaita, a 2021 ya fara matsar da su daga wata cibiya zuwa wata. Ba ƙaramar harka ba ce a duniya. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai sun sha wajen terawat-awa 415, wato yunit biliyan 415, a 2024, kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, wajen ninki goma ke nan na abin da babban layin Najeriya ke rabawa a shekara.

A Najeriya mai mita ba ya ganin farashi na canzawa da awa, hukuma ce ke yankewa ya zauna. Amma tushen wutar yana canzawa da awa, wani lokaci ma da minti, kuma tazarar da ke tsakanin layi da janareta babba ce ƙwarai. Saboda haka injiniyan ya tsara cewa daga ƙarfe bakwai na yamma, lokacin da aka fi yawan komawa kan inji a Sakkwato, shafukan makarantu da na shagunan magani su koma amsawa daga Kano.

Aikin ya koma Kano lami lafiya, ba wanda ya kira ya yi ƙorafi. Da wata ya ƙare aka duba littafin mai, dizal ɗin da aka ƙona a Sakkwato bai ragu da abin a zo a gani ba, kuɗin wutar Kano kuma ya ƙaru. An gudu ba a tsira ba.

Dalilin yana cikin binciken na 2009 kansa, sai dai shi ne sashen da ba a cika maimaitawa ba: ribar ta dogara ne ga ko na'urar da aka sauke wa aiki za ta rage shan wuta da gaske. Tun 2007 Luiz Barroso da Urs Hölzle na Google suka rubuta cewa saba tana yin yawancin rayuwarta tana aiki da kashi 10 zuwa 50 na ƙarfinta, kuma ko tana zaune ba ta yin komai tana jan kusan rabin wutar da take ja in an cika ta da aiki. Sababbin na'urori sun gyaru a wannan fanni, amma na wannan kamfani na hannu ne, an sayo su bayan sun gama wa wasu bauta a Turai. An kwashe musu aiki, fitilunsu na nan na ƙyaftawa, fankokinsu na juyawa, esi biyu na ta busa musu sanyi har asuba.

Janaretan ma haka. Mai kVA 60 ne, an saye shi don ya ɗauki ofishin gaba ɗaya da rana. Da dare ɗakin saba kaɗai yake ja. Injin dizal yana da man da yake ci don kawai ya ci gaba da juyawa, ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba, kuma in kayan suka yi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ba ya ƙona man duka. Mai gadi ne ya nuna wa injiniyan shaidar: wani baƙin ruwa mai danƙo da ke tsiyaya daga bakin salansa, har ya yi tabo a siminti. A irin wannan hali lita ba ta ba da yunit 3, ta fi kusa da 2, yunit ɗin da Hajiya ta rubuta 400 ashe 600 ne. Rage masa kaya da aka yi, ƙara tura shi aka yi cikin wannan halin.

Abin da aka yi a zagaye na biyu

Sai aka bar maganar matsar da aiki tukuna, aka fara da awo. An maƙala wa wayoyi mita, ɗaya a kan wutar da ke shiga ɗakin gaba ɗaya, ɗaya a kan wadda ke shiga sabobi kaɗai. In aka raba ta farko da ta biyu, shi ne ma'aunin PUE da ƙungiyar Green Grid ta fitar a 2007. Google yana bayar da rahoton wajen 1.1 a cibiyoyinsa, matsakaicin duniya a binciken Uptime Institute ya ɗan haura 1.5. Ɗakin Sakkwato a bazara yana taɓa 2: duk yunit ɗin da saba ta sha, wani yunit ɗin ya tafi a sanyaya ta da asarar inbata. Ɗakin da sabobinsa ke jan kilowat 10, a haka yunit 14,400 zai sha a wata. A saukar da ma'aunin zuwa 1.6, ya koma 11,520, ba tare da an taɓa saba ko ɗaya ba.

Daga nan aka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ana tambayar mene ne aikinta. An samu wadda ke riƙe da shafin makarantar da ta daɗe da barin kamfanin, an samu ta gwaji da wani ma'aikaci ya kunna ya bar aiki bai kashe ba. Wannan ba ciwon Sakkwato kaɗai ba ne, wani nazari da Jonathan Koomey da Jon Taylor suka fitar a 2015 ya gano kusan kashi 30 na sabobin da suka duba suna kunne ba sa yi wa kowa aiki. Waɗanda suka rage aka tattara ayyukansu a kan na'urori kaɗan, kowace tana ɗauke da sabobi na manhaja da yawa a cikinta, yadda za a iya ɗaga aiki daga wannan a sauke a waccan, sannan a kashe wadda ta zama fanko. Kashewa ta gaske, ba barci ba.

Maganar sanyi ta fi jan gardama. Rimot ɗin esi a kan 16 yake tun ranar da aka buɗe ɗakin, kuma kowa ya yi imani in an taɓa shi wani abu zai ƙone. ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini ta Amurka wadda masu ƙera saba ke bin ƙa'idarta, ta ba da shawarar iskar da ke shiga na'ura ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. Matsalar ɗakin ba ƙarancin sanyi ba ce, cakuɗewa ce. An jera kantoci biyu yadda ɗaya ke hura zafinta a fuskar ɗaya, ga guraben da aka cire na'urori an bar su a buɗe, iska mai zafi tana zagayowa ta nan ta koma gaba. Aka juya su suka ba juna baya, aka toshe guraben da farantan ƙarfe, aka rataya labulen roba mai kauri irin na ɗakin ƙanƙara ya raba gefen zafi da na sanyi. Sannan aka riƙa ɗaga rimot digiri ɗaya-ɗaya ana duba zafin na'urorin, har aka tsaya a 25. Batura ne ma suka fi sabobi tsoron zafi, domin batirin dalma rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da wajen digiri 10 sama da 25, don haka aka matsar da su gefen sanyi. A waje aka yi wa injinan esi rumfa, aka shafa wa kwano farin fenti, aka sa wankin ƙura cikin aikin mako.

An tattauna sanyaya ɗakin da ruwa, yadda randa ke sanyaya abin da ke cikinta saboda ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa a jikinta. Facebook ya yi haka a cibiyarsa ta Prineville, a busasshen yankin jihar Oregon, kuma iskar Sakkwato ta watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura 40 ga bushewa, ta dace da wannan. An ajiye shawarar ne saboda a lokacin da aka fi buƙatarta a lokacin ruwa ke tsada, in damina ta kankama kuma iska ta jiƙe dabarar ta daina ci. Buɗe wa sanyin hunturu ƙofa da dare shi ma an ƙi shi. Wanda ya taɓa buɗe kwamfuta bayan hazo ya san dalili.

Rana, da ayyukan ƙarfe biyun dare

A ganina gyaran da ya fi kowanne wayo shi ne wanda bai ci kuɗi ba. Da aka rarraba ayyukan, sai aka ga kaso mai yawa ba na gaggawa ba ne: ɗaukar kwafin ajiya, haɗa sakamakon zangon karatu, rahoton wata na shaguna, jera saƙonnin da za a tura wa iyaye. Dukkansu an saita su ƙarfe biyun dare. Ba wanda ya zaɓi hakan, haka ake koyarwa, domin a ƙasashen da al'adar ta fito da dare wuta ta fi araha kuma layuka sun huta. A Sakkwato ƙarfe biyun dare ita ce awa mafi tsada a yini.

Awa mafi araha kuwa tsakar rana ce. Yankin yana samun hasken da ya kai wajen yunit 6 a kowace murabba'in mita a rana, yana cikin mafi yawa a ƙasar, ba banza ba Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980. Kamfanin yana da farantan sola a kan rufi da ke wadatar da ofis har su yi saura da azahar. A harkar sola farantan ba su ne tsada ba, batirin da zai ajiye wutar zuwa dare ne. To maimakon a ajiye wuta a jira aiki, sai aka kawo aikin inda wutar take: ayyukan da za su iya jira, na Sakkwato da na Kano, suka koma Sakkwato daga sha ɗaya na safe zuwa uku na rana. Ba a rasa cikas ba. Faranti yana rage kusan kashi 0.4 na ƙarfinsa a kan kowane digiri sama da 25, a bazara kuma jikinsa yana haura 60, ga ƙurar hunturu da sai an bi da wanki. Layin intanet ma da rana a cike yake da masu hulɗa, dole aka koma tura abin da ya canza kaɗai maimakon kwafi sukutum, aka kuma ƙayyade masa gudu.

Da dare Sakkwato ta koma na'ura biyu da esi ɗaya. Wannan kaya ƙaramin janareta ya ishe shi, aka sayi ɗan madaidaici aka bar babban ya huta sai da rana. A nan ne littafin mai ya fara nuna bambanci, mai kawo dizal da kansa ya tambayi ko an samu wani dillalin ne.

Hada-hadar POS ba a taɓa ta ba. Haske a wayar fayiba yana cin wajen kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, saboda haka nisan Sakkwato da Legas shi kaɗai ba wani jinkiri ba ne. Yankewar waya ce abin tsoro, a hanyar da kullum ana aikin titi ana tono. Aikin da kuɗin mutane ke rataye da shi ya zauna kusa da bankuna, ko wutar can nawa ce.

Oktoban 2024

Tsarin ya dogara ne ga agogo: dare na Kano, rana ta Sakkwato. A watan Oktoba aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke kawo ɗauki ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala, Kano da jihohin arewa da dama suka kwashe fiye da mako cikin duhu. Ɗakin Kano ya koma dizal dare da rana, manhajar kuwa ta ci gaba da tura masa aikin dare kamar yadda aka umarce ta, tana ɗauke kaya daga ƙaramin inji mai tsimi tana kai wa babba mai ci. Sakkwato ta san irin wannan, domin ta layin Kainji zuwa Birnin Kebbi wutarta ke zuwa, kuma gobarar da ta ci tashar Birnin Kebbi a watan Satumban 2023 ta jefa Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin matsalar wuta.

Gyaran ɗan ƙaramin abu ne da aka liƙa a jikin akwatin canjoba na kowane ɗaki, yana aika saƙo duk bayan 'yan mintuna: layi, rana, ko inji. Manhaja ta daina duba agogo ta koma duba wannan. An sa mata sharaɗi kada ta motsa aiki sai canjin ya ɗauki rabin awa, domin wutar da ke zuwa ta ɗauke bayan minti goma za ta sa a wuni ana kunna saba ana kashewa, kuma tsohuwar na'ura a wurin kunnawa ta fi mutuwa. Alhaji ya ƙara nasa sharaɗin, wanda ba na injiniya ba ne amma daidai ne: kowane bayani ya kasance yana da kwafi a gari biyu a kowane lokaci, ko da hakan zai ci wani ɓangare na ribar.

Hajiya ta kawo shawarar da ta fi kowace tsauri, cewa a rufe ɗakin Sakkwato da na Kano a kama haya kawai. Ban ga laifinta ba, kuma ga ƙananan kamfanoni da yawa ita ce amsar, domin ɗakin bayan ofis ba zai taɓa kamo babbar cibiya wajen tsimin wuta ba. Kai kaya ƙasashen sanyi ma yana da jan hankali, Google yana sanyaya cibiyarsa ta Hamina a Finlan da ruwan teku, Facebook ya gina tasa a Lulea ta arewacin Suwidin. Amma kuɗin can da dala ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, kuma ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda komai nasu ke waje su suka fi ji a jika. Abin da aka bari a buɗe shi ne ɗakin Kano, tunda Galaxy Backbone, kamfanin fasahar sadarwa na gwamnatin tarayya, ya gina cibiyar bayanai a garin, ana iya kwatanta hayarta da kuɗin riƙe ɗaki.

Kantar Legas ce har yanzu ba ta ba da ko kwabo ba. Yarjejeniyar a kan kilowat ɗin da aka keɓe wa kamfanin take, a sha ko kada a sha, don haka na'urorin da aka kashe a can mai gidan haya suka yi wa tsimi. Injiniyan yana tara karatun mita na kowane wata, domin in lokacin sabunta yarjejeniya ya zo a nemi rage abin da aka keɓe, Hajiya kuma tana son a nemi a mayar da biyan zuwa naira a zama guda.